Ɗaɗɗorin Iya da Ruwan Alwala

Ranar Lahadi ce, biyu ga watan Afrilu na shekarar 1972, cikin watan Safar, ranar da gwamnati ta ce motocin ƙasar nan duka su bar hannun hagu su koma bin hannun dama. Tun da hantsi mutanen Birnin Gwari suka cika bakin titi kamar masu jiran babban baƙo, alhali ba abin da ake jira sai a ga mota ta wuce ta ɓangaren da ba ta saba bi ba. Masu ƙosai sun kafa murhu a gindin mangwaro, 'yan sanda na tsaye a tsakiyar hanya suna ta ɗaga hannu, direbobi kuma sun leƙo da kawunansu ta taga suna tafiya a hankali. A wannan rana ce kakata, wadda muke kira Iya, ta kama hanyar Dogon Dawa. Autarta, Gwaggo Asabe, ta haihu a can, kuma dole uwa ta je ta zauna mata wankan jego. Ni na rako ta tasha, ina da shekara goma ko kusa da haka, ina riƙe da ƙullin daddawa da kuka. Ita kuma ta ɗora ƙwaryar kayanta a kafaɗa, can bayan wuya, domin Iya 'yar Gbagyi ce, kuma duk shekarun da ta yi a gidan Hausawa ba su sa ta yarda kaya ya hau kanta ba.

Da yaron mota ya miƙo hannu zai ja ta, sai ta tsaya ta dubi direban ta ce, "Kai ɗan nan, jiya kana hagu, yau kana dama. Ka tabbata ka san inda Dogon Dawa take?" Mutane suka kwashe da dariya. Direban ya ce, "Iya, garin bai matsa ko'ina ba, hau mu tafi." Ta hau ta zauna a kan buhun gishiri. Ba ta bar sallahun kajinta ba, ba ta yi maganar tukwanenta ba. Sai da motar ta fara motsi ta leƙo ta tsakanin katakon bodi ta ce mini, "Takwara, ɗaɗɗorina. Kada ki ba shi ruwa sai ya roƙa."

Ga wanda bai san ɗaɗɗori ba, tsiro ne mai gaɓa-gaɓa, kamar an jera yatsu ana haɗa su baki da baki. Kowace gaɓa tana da kusurwa huɗu, koriya ce, mai kauri, cike da wani ruwa mai yauƙi wanda in ya taɓa fata sai ta yi ƙaiƙayi. Ganyensa kaɗan ne, ƙanana, su fito da damina su zube da rani. A dajinmu yakan hau tsamiya ya sauko ta ɗaya gefen kamar igiyar da aka manta. Na Iya kuwa a cikin wani tsohon kasko yake, mai huda a gindi, an sa shi a ragaya an rataye a ƙarƙashin jinkar ɗakinta ta gabas, inda ranar safe ke samunsa, ta tsakar rana kuma ba ta kai masa. Daga nan rassansa suka zubo ta kowane gefe, wasu har sun kusa taɓa ƙasa, ta yadda duk mai shiga ɗakin sai ya sunkuya ya kauce. Awakinmu sun taɓa gwadawa, suka ji abin da ya yi wa bakinsu, suka haƙura.

Asalinsa daga ƙauyen su Iya ne, wani ɗan ƙauye a gindin dutse cikin daji, wanda tun a lokacin ya zama kufai. Mahaifiyarta ce ta karya mata gaɓa ta sa mata a cikin kaya ranar da za a kawo ta gidan kakanmu. Iya ta musulunta a gidan aure, mahaifiyar kuma ta rasu a kan addinin iyayenta, gidan ya rushe, dangi suka watse. Ko tukunya ɗaya ba ta zo hannun Iya ba daga gidansu. Wannan tsiro shi kaɗai ya rage mata. Ta taso da shi daga tsohon gari lokacin da mutane suka dawo bakin titi, ta sauya masa kasko ba adadi, amma shi ne dai wanda uwarta ta taɓa da hannunta. Yana kuma da aikin yi. In yaran unguwa suka yi targaɗe wajen langa, ko wani ya faɗo daga mangwaro, wajen Iya ake kawo shi. Ta karya gaɓa, ta daka da man kaɗanya, ta shafa, ta ɗaure da tsumma, sannan ta yi wa yaron faɗa gwargwadon tsayin bishiyar da ya hau. Karaya ba ta taɓawa, sai ta ce a kai wa mai ɗori.

Ƙasar da ke cikin kaskon ba ta gona ba ce. Yashin rafi ne da tsakuwar marmara da ɗan garin gawayi, taki kuwa ko kusa. Roƙon da Iya ke nufi shi ne gaɓoɓin su ɗan motse, tsakanin kusurwoyinsu ya lotsa kamar kumatun tsoho. Sai ta ga haka take ɗebo ruwa ludayi guda ta zuba ta gefen kasko, ta tsaya har ta ga ya ɗigo ta hudar ƙasa, daga nan kuma ta manta da shi. Da sanyi yakan yi wata da watanni bai ga ruwa ba. Takan ce, "Wannan da guzurinsa a jikinsa yake, in kin ƙara masa kin yi masa kaya." Na san duk wannan domin a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, Baba kuma yake kirana Uwani, don bakinsa ba zai furta sunan mahaifiyarsa ba.

Wanda bai san komai game da tsiron ba shi ne Baba. Shi ne ɗan farin Iya, kuma a wancan zamani uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi. Iya ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ta tarar da wannan kunya a wajen matan gidan da aka kawo ta, ta ɗauka ta riƙe fiye da su. "Mutumin zaure" take ce masa. Kowace safiya in an idar da salla yakan shigo ya durƙusa can wajen turmi, nesa da ƙofarta, ya ce, "Uwani, ki ce ina gaisuwa." Ita kuma daga cikin ɗaki ta ce, "Takwara, ki ce lafiya lau." Ni ina tsakani ina hamma, sau da yawa ban ma maimaita ba, tunda kowa ya ji kowa. Haka ake maganar hatsi, haka ake maganar ciwo da ta biki, kuma babu wanda ya ɗauki hakan baƙon abu. Sai dai maganar da ba ta zama dole ba ba ta bin wannan hanya, kuma yadda ake shayar da tsiro bai taɓa zama dole ba.

Baba manomi ne, yana yin dawa da masara da gyaɗa, shi ne kuma ke ja wa maƙwabta salla a wani ɗan fili da aka kewaye da duwatsu a gefen zaurenmu. A kan buzunsa na koyi karatun allo da rubutun ajami, kafin in ɗauki jakata in tafi firamare. Bayan tafiyar Iya sai safiyarsa ta zama babu wurin durƙusawa. Na lura yana zagayowa ta bayan rumbu ya wuce ta ƙofar ɗakinta ba da wani dalili ba, ya gyara asabari, ya tayar da tsintsiyar da ta faɗi, ya koma. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, rijiyar unguwa ta ja baya har sai an ƙara igiya. Wata rana na dawo da tulu na tarar da shi tsaye a gindin ragaya, ya sa yatsa a cikin kaskon. Ƙasar a bushe take ƙayau, tsiron ya yi toka-toka, babu ganye ko ɗaya. Ni na san lafiyarsa lau, gaɓoɓin a cike suke, bai roƙa ba tukuna. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Uwani, abu mai rai ne fa wannan. Ba kya tsoron Allah ya tambaye ki?" Ya sauke kaskon daga ragayar da kansa, ya rungume shi da rassansa, ya fita da shi gefen zaure, ya ajiye a gaban dutsen da yake zama in zai yi alwala. Tun daga ranar, duk ruwan da ya zubo daga hannunsa da fuskarsa a cikin kaskon yake sauka, in kuma wani abu ya rage a buta ya juye masa.

Yaran yanzu in na ba su labarin sukan ce me ya hana in buɗe baki. Yarinya ba ta gyara wa uba aiki a lokacin, balle aikin da ya ɗauka na lada. Ya riga ya faɗa wa maƙwabta cewa shayar da duk wani abu mai rai sadaka ne, kuma gaskiya ya faɗa. In na ce ya daina, kamar na ce ya daina sadaka ke nan. Na kai maganar wajen Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a bakin murhu. Ta ce, "Ni? In shiga tsakanin Malam da kayan uwarsa? Ke da ake ce wa Uwani kin kasa, sai ni bare?" Ta ci gaba da kaɗa rariya. Can ta ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, "Ki ƙyale shi. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya kai hannu kan wani abu nata ba."

Abin da ya ƙara ɗaure mini baki, da farko tsiron murna ya yi. Gaɓoɓin suka kumbura suka yi kore shar, ganye ya fito tun kafin lokacinsa, sababbin rassa suka miƙo da 'yan zaruruwansu suna neman abin kamawa. Baba ya kafa masa kara ya jingina da katanga. Maƙwabtan da ke bin sa salla suka gani suka yaba, kowa kuma ya so ya sami nasa rabon ladan. Malam Garba mahauci yakan matso da butarsa, Audu maharbi haka, har baƙon da ya tsaya yin Azahar ma a nuna masa inda zai juye ragowar ruwa. A makaranta ma darasin da ake yi mana ke nan. Malaminmu ya sa kowane ɗalibi ya shuka wake a gwangwanin madara, muka jera su a bayan aji, kuma duk wanda aka tarar da gwangwaninsa a bushe sai ya share filin ƙwallo. Ina zuba wa wakena ruwa safe da rana, in koma gida in tarar ana zuba wa ɗaɗɗori sau biyar. Har na fara tunanin ko Iya ce ta daɗe tana ƙuntata masa.

Duk da haka ban zauna ba. In an tada salla maza sun juya baya, sai in lallaɓa in karkata kaskon ruwa ya tsiyaye. Na sa masa duwatsu a ƙarƙashi. Na zura tsinke ta hudar gindin don laka ta toshe ta. Amma ni ɗaya ce, ga makaranta, ga surfe, ga tallan ƙuli-ƙuli da yamma, ga kuma ƙawayena da ke tsayawa a bakin zaure suna kira mu tafi carabke ko 'yar gala-gala, ni ma kuma yarinya ce, nakan bi su in manta. Sau ɗaya na ɗauke shi gaba ɗaya na mai da shi ragaya. Kafin Magariba Baba ya dawo da shi, ya ce in don awaki ne kada in damu, ya kewaye shi da ƙaya. Bayan Mauludi ruwan sama ya sauka, indararon zaure kuma kusa da wurin yake zuba. A cikin wannan ne yaron mota ya kawo saƙo daga Dogon Dawa cewa jegon bai zo wa Gwaggo Asabe da sauƙi ba, jikinta ya kumbura, jaririn ma ba ƙwari, don haka Iya za ta zauna har ƙarshen damina.

Sai da masara ta fara isa gashi abin ya bayyana. Gaɓoɓin da ke kusa da ƙasa suka fara yin rawaya, ganyen ya zube cikin tsakiyar damina. Baba ya ɗauka yunwa ce, ya barbaɗa masa kashin awaki. Wata Juma'a bayan La'asar, mutane sun watse, ya kama wani dogon reshe zai ɗora a kan kara, sai reshen ya biyo hannunsa gaba ɗaya. Gindin ya yi baƙi ya narke, yana wari kamar rogon da ya kwana a ruwa. Ya taɓa na biyu, shi ma ya biyo shi. Ina bakin zaure ina wanke allo. Ya daɗe yana duban abin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Uwani, yaya take yi da shi?"

Wannan ne karo na farko da ya tambaya, ni kuma na faɗa masa duka, yashin da gawayin da inuwar jinka da ruwa ludayi guda.

"Ludayi ɗaya?" in ji shi.

Na ce, "Ɗaya, Baba."

"A yini?"

"A'a, Baba. Sai ya roƙa."

Ya dubi butarsa, ya dubi butocin maƙwabta da ke jere a gindin katanga, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai tambaye ni dalilin shiruna ba. Shi ma a gidan ya girma.

Niyyarsa ya haƙa rami a lambu ya dasa rassan nan take. Na ce Iya in ta karya gaɓa za ta dasa, shanya ta take yi a inuwa har bakin ciwon ya bushe. Ya ɗauko wuƙar fiƙe alƙalami, muka zauna a zaure, yana yanka ina karɓa. Duk gaɓar da ya yanka muka ga ɗigon baƙi a tsakiyarta sai ya ƙara gaba. Ruɓar ta hau nesa fiye da yadda ido ke gani, tsiron da ya kai tsayin mutum ya koma abin da bai cika faifai ba. Muka ɗora faifan a kan rufewar hatsin da ke cikin ɗakin Iya. Wannan shanyar ita ta fi ba Baba wahala. Yakan tsaya a ƙofa ya leƙa, ya ga gaɓoɓin a yashe babu ƙasa babu ruwa, ya ce, "Kin tabbata haka take yi?" In ce na tabbata. Damina kuma ba lokacin shanya ba ne, iska duk laima. Kusan kowace safiya sai mun tsinci wadda ta yi laushi mun jefar. Audu maharbi da ya ji labari ya ce, "Haba Malam, a kan wannan? Dajin nan cike yake da shi. Gobe in yanko maka dami, ka zuba a kasko, wa zai sani?" Baba ya ce, "Ita ma ta san hanyar dajin, Audu." Maganar ta tsaya a nan.

Ni na ɗebo yashi a rafi, Baba ya soya shi a kasko don ya bushe, muka haɗa da tsakuwa da gawayi, muka kwantar da 'yan gaɓoɓin da suka rage a wani ƙaramin kasko. Su ma suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda ɗaya tak, gajera, ba ta fi babban yatsa ba. Ba ta ruɓe ba, ba ta kuma tsiro ba. Haka muka zuba mata ido har ruwa ya fara janyewa.

Iya ta dawo ana saura 'yan kwanaki a ga watan azumi, ta rame, ƙwaryarta a kafaɗa. Gwaggo Asabe ta tashi, jariri ya yi ƙiba, alhamdu lillahi. Mata suka taru ana sannu da hanya, Inna ta kawo ruwa da fura. Iya ta amsa gaisuwar kowa, amma idonta yana kan ragayar da ke lilo babu komai a ciki. Da mutane suka ragu Baba ya shigo ya durƙusa wajen turmi.

Ya ce, "Uwani, ki ce ina sannu da hanya. Ki ce kuma tsiron nan, ni na sauke shi, ba ke ba. Ni na yi ta ba shi ruwa har ya ruɓe."

Iya na zaune a bakin ƙofa, ta juya fuskarta wajen danga. Ta ce, "Takwara, ki tambaye shi wane ruwa."

Ban jira ya amsa ba na ce, "Na alwala, Iya."

"Na wace salla?"

"Duka. Har da na su Malam Garba."

"Har da Asuba?"

"Har da walaha ma, Iya."

Ta ci gaba da duban danga. Na ji kukan kurciya a kan rumbu, na ji Inna ta daina motsa ludayi. Ban san abin da za ta ce ba, kuma na ga Baba ma bai sani ba, domin kansa na ƙasa, yatsansa na zane a turɓaya. Can Iya ta numfasa ta ce, "To, Allah mun gode maka. Uwata har ta bar duniya ba ta taɓa yin alwala ba, ga shi tsironta ya mutu da alwalarsa."

Inna ta toshe baki da gefen zane ta shige ɗaki. Kafaɗun Baba suka riƙa girgiza, kuma daga inda nake ban iya gane dariya ce ko wani abu ba ne. Ni kuwa na shiga na sauko da ƙaramin kaskon na ajiye a gabanta. Ta dubi gaɓar, ta juya kaskon, ta sa farce ta tona yashin a hankali ta gefe. A ƙasa akwai wata saiwa fara siririya kamar zaren ɗinki. Ta mai da yashin ta rufe.

Ta ce, "Wa ya shanya shi?"

Na ce, "Baba ne. Shi ya yanka, shi ya soya yashin."

Ta ce, "Ki ce masa ya zo ya rataye shi inda ya same shi. Hannuna ba ya kaiwa."

Duk gidan an san a kan turmi take hawa ta rataye shi da kanta. Baba ya tashi ya zo har bakin ƙofarta, ya ɗauki kaskon daga gabanta, ya sa a ragaya, ya gyara igiyar. Ban taɓa ganinsu kusa da juna haka ba.

Gaɓar ta fitar da toho bayan sallar azumi, kuma kafin wata damina ta zagayo ta fara leƙowa ta bakin kasko. Ba ta taɓa kai tsayin na farko ba. Shekarar nan yaran da suka yi targaɗe man kaɗanya kaɗai suka samu da faɗa. Amma daga lokacin aikin shayarwa ya bar hannuna, ya bar nata. In ta ga tsiron ya motse sai ta ce, "Takwara, ki ce wa mutumin zaure ya zo da butarsa." Ya zo ya tsaya a ƙarƙashin jinka ya karkata butar a hankali, ita tana zaune tana duban hudar gindin kasko. Da ta ga ɗigon farko sai ta ce, "Ya isa." Ba ta cewa in gaya masa. Wannan ita kaɗai ce maganar da na taɓa ji ta fito daga bakinta zuwa kunnensa babu ɗan aike, kuma haka suka yi ta yi har shekarar da ta rasu.

Baba ya ci gaba da renonsa bayan ta, har shi ma Allah ya karɓi abinsa. Ina gidan aure aka rushe ɗakunan jinka aka yi na kwano da siminti, da na zo na tambayi kaskon babu wanda ya tuna inda aka ajiye shi. Yanzu ina zaune a Kaduna. A bakin titi ana sayar da irin waɗannan tsirrai masu zubowa a cikin robobi, jikokina sun saya sun rataye a baranda, suna duba yadda ake renonsu a waya. Hanyar Dogon Dawa kuwa mutum ba ya bin ta sai da addu'a a baki, dajin da Audu ke shiga shi kaɗai ya zama wurin da ba a ambatonsa sai a hankali. A gidan ɗana na fari nake. Ina kiran sunansa a gaban kowa, yana zama a gefen gadona mu yi hira har shayi ya huce, kuma na gode wa Allah da wannan sauƙi. Sai dai in ya tashi ya fita nakan tuna mutanen nan biyu, ɗaya a tsaye da buta, ɗaya a zaune tana jiran ɗigo. Ban tabbata mun fi su jin juna ba. Allah ya ji ƙansu.